Hajiya da Tarwadata

Jiya a tafkin kamun kifina na Dungu na kama Hajiya Memuna laɓe bayan darbejiya, tana watsa wa tarwada burodi. Can gefe mijinta da yaransu sun jefa ƙugiya tun hantsi, shiru kake ji.

Na ce, "Haba Hajiya! Kifin da ya ƙoshi zai ci ƙugiya?"

Ta ce, "Masta, rufa min asiri. Da Alhaji ya kama ɗaya zai ce kasuwa na jira. A nan kaɗai yake ajiye waya ya zauna da yaran nan."

Na leƙa. Autarsu na kan cinyarsa, yana ta zagin kifina, tana ƙyalƙyala dariya.

Sai na ƙaro mata burodi.

Jama'a, na ci amanar Alhaji?