Abin da Ke Riƙe da Kam

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Zaitawa, ni da mahaifiyata da ƙanena, a tsohuwar akori-kurar marigayi Baba. Saƙo ne ya zo cewa yayar Inna tana kwance a wani ƙauye bayan Gwarzo, jiki ya yi tsanani, sunan Inna kawai take kira. Na ce mu hau motar haya. Inna ta ce motar da ta kawo ta Kano ita za ta mayar da ita.

Sati biyu kafin nan ƙanena ya kai motar Ƙofar Ruwa, aka cire mata distiributa, wato abin da ke raba wa fulogogi wuta, aka sa mata kwayil, na'urar wuta ta zamani irin ta motocin 'yan Kwatano. Gaskiya ta daina gardamar tashi. Muka fita ta Ƙofar Kabuga, hotunan 'yan takara har yanzu manne a bango, ruwa ya wanke musu fuska. Inda soja suke tare hanya da, yanzu wata mata ce ke suyar ƙosai. Muka saya da zafinsa. Inna ta ce mulkin farar hula bai ƙara wa ƙosai girma ba.

Dab da Rimin Gado injin ya fara ƙwanƙwasa daga gaba, ƙas, ƙas, kamar baƙo mai kunya a bakin ƙofa. Muka gangara gindin wata darbejiya wurin wani tsohon makanike. Ya kasa kunne, ya leƙa, ya ce, "Wa ya cire mata distiributa?"

Ƙanena ya ce, "Zamani ne, Baba."

"To zamani ya manta abu ɗaya. Haƙoranta ne ke danne kam, sandar da ke buɗe bawul. Kun cire, yanzu tana yawo gaba da baya."

Ya kwance lagireto, ya buɗe murfin gaba, ya nuna mana inda kam ta goge ƙarfen har yana ƙyalli. Ya ce in muka ci gaba za ta huda shi kafin Gwarzo. Inna tana zaune a tabarmar da matarsa ta shimfiɗa mata, ga kwanon fura ba ta taɓa ba. Hanya kawai take kallo.

Tsohon ya yanko guntun tagulla, ya goge shi da fayil ya zama kamar maɓalli, ya dasa a hancin kam don ya tokare ta. Ya ce in ya matse zai cinye, in ya saki za ta koma yawo. Sai an bar ɗan wasa kamar kaurin takarda. Ya zaro ma'auninsa mai siraran ƙarafa, kowanne da lambar kaurinsa, ya kai kusa da ido, ya nisantar, ya yi tsaki. Tabaraunsa ya fashe tun bara.

"Malam, kana karatun boko?"

Na ce, "Ajin manya nake zuwa da yamma, shekara guda kenan."

"Nemo min mai sifili, ɗigo, sha biyar."

Na bi su ɗai-ɗai da yatsa, ina karantawa a hankali kamar yadda malamarmu ta koya mana. Na miƙa masa. Sau uku yana gogewa yana gwadawa kafin ya ce alhamdu lillahi. Da aka tayar da injin, shiru kake ji.

Mun isa bayan la'asar. Yayar Inna ta buɗe ido, ta kama hannunta ta ce, "Na ji ƙarar motar mijinki." Kwana biyu suka yi tare, suna hirar rijiyar gidansu. A na uku Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar uku muka juyo. Mun shigo Kabuga ana kiran magariba, ƙanena yana ta ba da haƙuri kan distiributa. Ni dai na koyi cewa kafin a cire abu sai a tambayi me kuma yake riƙewa. Inna ta shafa gaban motar ta ce, "Bar shi. Babanku ma sai da ya tafi muka san abubuwan da yake tokare da su."