Ƙofofin da Delbert Ya Lanƙwasa wa Orrin

Duk wanda ya bi ta titin bakin tabki da safe ya san hayaƙin da ke tashi daga shagon Delbert Kuiper. Kafin ya taɓa zarto sai ya hura murhun itace, ya ɗora butar kofi, ya kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofarsa har zuwa ta maƙwabciyarsa, sannan ya zauna ya wasa kayan aikinsa. Kafinta ne, amma jiragen ruwa na katako ya fi gyarawa, tun zamanin da masunta ke da yawa a garin nan. Yanzu yatsunsa sun sandare, ƙarshen wata zai rufe shagon. Mai jaridar gari ta tambaya ko akwai mai son cewa wani abu a kansa. Ni Marlys Tackett ban yi nisa a makaranta ba, kuma tun da na binne mijina ban rubuta komai ba sai sunana. Amma wannan ba zan bar wa wani ba.

Mutanen cocinmu za su gaya muku yadda ya gyara matakalar coci ba tare da an roƙe shi ba, bayan wata tsohuwa ta zame a kai. Ni abin da ya faru a falona zan faɗa.

Mijina Orrin direban motar dakon gumaguman itace ne, ƙato, mai murya kamar ana faɗa. Sai ciwon nan da ke cinye ƙarfin mutum kaɗan-kaɗan ya kama shi. Ya bar tuƙi, ya bar shebur ɗin kwashe ƙanƙara, ya koma keken marasa lafiya, har maɓallin riga sai na sa masa. Abu ɗaya ya rage masa, kifayensa. Yana da babban tankin gilashi a falo, irin wanda gabansa ya turo waje a lanƙwashe. Murfinsa na roba ne mai nauyi, sai an tsaya an ɗaga shi sama. Ranar da Orrin ya kasa ɗaga shi, na zo zan zuba wa kifayen abinci, sai ya ce, "Bari, Marlys. Kowa a gidan nan hidima yake yi min. Su kaɗai ne ni nake yi wa. In wannan ma ya tafi, ni da kujerar can ɗaya muke." Ranar bai ci komai ba.

Na kira Delbert. Ya zo ya tsaya gaban tankin yana sosa ƙeya.

"Kai Orrin, duk tankunan duniya ka rasa na saye sai mai tumbi? Ɗan'uwanka ka gani ka ɗauko?"

"Tumbin nan ya fi duk abin da ka taɓa ƙerawa kyau, tsohon mai facin kwale-kwale," in ji Orrin. "In ba za ka iya ba, faɗi gaskiya mu nemo kafinta."

Delbert bai kula shi ba. Ya ja kujera ya zauna daidai tsayin keken, ya miƙa hannu zuwa bakin tankin, ya sa Orrin ma ya miƙa nasa. Ya ce zai yi wa tankin rumfar katako a sama, wadda za ta rufe fitilu, da ƙofofi biyu a gaba masu buɗewa gefe, lanƙwasassu daidai da gilashin, don mai zama ya kai hannu ba tare da ya kira kowa ba.

Ya yi sauri, domin ya ga abin da muke gani. Ya yi ƙofofin yadda ya saba yi wa haƙarƙarin jirgi: ya turara katakon har ya yi laushi, ya tanƙwara shi, ya ɗaure ya bushe. Ranar da ya ɗora su sun zauna cif. Orrin ya ciyar da kifayensa da kansa, ya ci tuwon dankali har da ƙari.

Ba a jima ba ƙofofin suka fara cijewa. Danshin ruwan ɗumi na tashi yana shiga katakon, katakon kuma ya fara miƙewa. Wata safiya na tarar da Orrin yana ta jan ƙofa, ta ƙi motsi, gumi na zuba masa. Bai kira ni ba. Ya juya keken ya fuskanci bango.

Delbert ya zo ya shafa ƙofar. Sannan ya ce, "Laifina ne. A jirgi, haƙarƙari a kafe yake sama da ƙasa, ba shi da inda za shi. Ƙofa kuwa gefe ɗaya a sake take. Katako bai manta cewa a miƙe ya girma ba." Ya ce sai dai a sake, a yanka katako falle-falle kamar kwali, a shafa gam, a jera bisa juna a matse a lanƙwashe, ta yadda kowane falle zai riƙe ɗan'uwansa. Bayan haka a shafe ciki da man hana ruwa, a bar shi sai warin ya fita sarai, in ba haka ba ya kashe kifayen.

Na bi shi waje na ce, "Delbert, ka san ba mu da wannan lokacin. Ka kankare bakin ƙofar kawai ta buɗu."

Ya ce, "Marlys, in na kankare, jibi za ta sake cijewa, ya sake juyawa ya fuskanci bango. Ba zan yi masa haka sau biyu ba. Kafin sababbin su bushe, ni zan riƙa zuwa."

Haka kuwa ya yi. Ya cire ƙofofin ya sa wani allo na wucin gadi don kada kifi ya yi tsalle, kullum da safe sai ga shi ya zo ya zare allon, ya juya baya yana kallon taga kamar mai duba yanayin gari, har Orrin ya gama. Yakan zo da guntun katako da takardar goge katako ya ajiye masa a cinya. "Ungo, malalaci, goge min wannan, marikin ƙofarka ne. Ni ba bawanka ba ne." Orrin ya yi kwanaki yana goga da hannun hagu, wanda shi kaɗai ya rage masa. Ni kuma ina kallon hannun nan yana raguwa, ina roƙon Allah gam ya bushe kafin ciwon ya cinye hannun.

Ranar da sababbin ƙofofin suka zo, Orrin ba ya iya dunƙule hannu. Delbert ya kafa marikin can ƙasa ta hagu, ya ja ni muka koma kicin. Muka kasa kunne. Muka ji ƙarar tayar keken, sai shiru, sai ƙarar ruwa, kifaye na wawason abinci. Can muryar Orrin ta zo: "Kai tsoho! Ba laifi. Da ka dage da ka zama kafinta." Delbert ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

Orrin ya ciyar da su da hannunsa har safiyar da ya kasa tashi daga gado. Bai kai bazara ba.

Delbert, kai ne ka zauna a kujera don ka ga duniya daga inda mijina yake ganinta. Kai ne ka ce "laifina ne" a gaban mara lafiya, ba ka ɗora wa katako ko ruwa ba. Mai lanƙwasa itace ba tare da ya karya shi ba, haka ka bi da Orrin. Na gode, Allah ya saka maka, ya sassauta maka ciwon yatsun nan.

Ku kuma masu sana'a a hannu, matasa da manya, in an kira ku gidan da ƙarfin mutum ke ƙarewa, kada ku tsaya ga awon bango. Ku tambaya mene ne abu na ƙarshe da yake iya yi da kansa, ku taimaka kada ya kuɓuce masa.

Delbert, bayan jana'iza ka ce za ka ɗago min marikin sama don kada in riƙa sunkuyawa. Na ce zan yi tunani. Na yi tunanin, Delbert. Ka bar shi inda yake, zan sunkuya.