Tankar Byabato

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, aka aiko mini daga asibitin Kyaka cewa ka rasu, Athumani Kaijage, maƙwabcina. Masu kuka sun cika gonar ayabarka, kuma na san fuskokinsu: su ne suka yi shekaru suna kiranka mijin tanka.

A cikin tankar yaƙin nan ƙanenka Byabato ya ƙone lokacin yaƙin Kagera, ko ƙashi ba a samu ba. Dattawa suka ce a binne kututturen ayaba a madadinsa, yadda muka gada. Ka ƙi. Ka ce Byabato ya rubuta sunansa da ƙusa a cikin murfin tankar, kabarinsa ke nan.

Kai ka tara shanu da igiyoyi aka jawo ta daga fadama. Ka yi mata rumfa alhali ɗakinka na yoyo. Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da zarto, ka kore su da adda, sannan ka bi su da 'ya'yan kofi su tauna a hanya, wai baƙo baƙo ne. Duk damina kana shafa mata mai, sunan nan kuwa da tsumman rigarka kake goge shi.

Da mutanen gidan tarihi suka zo ɗaukarta, abu ɗaya ka roƙa: a bar murfin yadda yake. Suka ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ina tare da kai ranar da aka fara nuna ta ga jama'a. Sun kankare ta ciki da waje, sun zuba mata koren fenti. Ka hau da ƙyar, ka shafa murfin, sumul.

"Yaro, ina rubutun da ke nan?" ka tambayi ma'aikacin.

Ya yi dariya. "Wane rubutu, baba? Tsatsa muka cire. Sauko kar ka ɓata mana fenti."

Wallahi har yau ban yafe dariyar nan ba. Da muka dawo gida, kai da kanka ka sare ayaba, ka yi mata likkafani, ka binne. Masu kukan yau suna bakin shinge suna cewa, "To, amarya ta yi yaji, hankali ya dawo." Daga nan ba ka ƙara lafiya ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haɗa ka da Byabato a Aljanna. Kokushubira, Allah Ya ba ki haƙurin rashin miji, ke da 'ya'yanki. An haƙa kabarinka kusa da kututturen ayabar, kuma na sa an rubuta sunaye biyu a kan dutse.