Batir a Ƙirjina, Daga Zariya Zuwa Janfalan

An huda mini kai, an zura waya a ƙwaƙwalwata, an binne batir a ƙirjina. Ciwon makyarkyata ne ya kai ni. Shekaru ban kai cokali bakina ba, matata Talatu ke ba ni abinci. Bayan aikin, hannuna ya daina makyarkyata. Likita ya ba ta wata 'yar na'ura mai kama da wayar hannu, da ita ake kunna batirin a kashe.

Zariya

A gidan ƙanena muka kwana. Da asuba muka shiga motar Ikara mai bi ta Makarfi. Na ja hula na rufe ɗinki. Duk ramin da muka faɗa sai na dafe kai, ina jin kamar wayar za ta tsinke. Talatu ta ce, “Direba, a hankali, marar lafiya ne.” Ya ce, “Hajiya, hanyar ce marar lafiya.”

Kafin Makarfi

Masu kaki suka tsayar da mu, suka ce maza su sauko. Wanda ke laluba ni ya ji tauri a ƙirjina. Ya ɗaga rigata, ya ga kumburi, ya ga shatin waya ta bi wuyana. Ya yi tsalle baya ya ɗana bindiga.

“Kowa ya kwanta! Bam ne!”

Na kwanta. Talatu ba ta kwanta ba. Ta kwance bakin zani ta fito da na'urar. Bindigar ta koma kanta. Na yi kalmar shahada.

Ta ce, “Ɗana, dubi hannunsa.” Ta danna.

Makyarkyata ta dawo, hannuna yana dukan ƙasa kamar kazar da aka yanka. Ta sake dannawa, ya lafa. Babbansu ya ture bakin bindigar ya ce, “Baba, ka yafe mana.” Na tashi na koma mota.

Ikara

Ba wanda ya yarda ya zauna kusa da ni har muka sauka. Muka hau babur zuwa Janfalan.

Gida

Aka kawo fura. Talatu ta ɗebo a ludayi ta nufo bakina yadda ta saba. Na karɓe na sha da kaina. Ta rasa inda za ta sa hannunta.

Na gode wa Allah. Yanzu ina Janfalan, ina zuwa gona. Na'urar tana ɗaure a bakin zaninta, in ta fita unguwa ba na motsawa daga zaure sai ta dawo.