Kuɗin Tocilar Jinaidu

Ranar Litinin ta ƙarshe da Jinaidu ya yi da lafiyarsa, ana sallame sallar asuba ya fita. Mahaifinsa, Malam Tukur, tsohon malamin kimiyya da ya yi ritaya, ya ji tashin babur daga inda yake zaune, bai ɗago ba, don ya saba. Sauran sa'o'in ranar daga baya ya tattaro su ɗaya bayan ɗaya, daga bakin waɗanda suka gan shi.

Ƙarfe shida saura yana mayanka, tsaye kan Yari mahauci, yana haska masa hanta da kitse. Ƙarfe takwas ya dawo gidansu da ake kira Gidan Dare, ya sha koko a tsaye, matarsa Nafisa tana cewa ya zauna, 'yarsu Hafsat tana jan ƙafar wandonsa. Tara ya buɗe shagonsa na gyaran waya a Tudun Wada, goma da rabi ya rufe, ya tafi wurin mai injin gurza ƙarfe, suka yi gardama a kan zaren ɗaure murfin tocilar da yake haɗawa. Azahar ya yi ta a masallacin da ya fi kusa. Ƙarfe biyu ya shigo zaure da gumi, ya ajiye tocila a gaban mahaifinsa.

Shekararsa talatin da ɗaya, uku daga ciki a kan tocilar nan ya ƙarar da su. Asalinta asarar da Yari ya taɓa yi ce. Mahauta kafin gari ya waye suke duba nama, da tocilar kasuwa mai haske shuɗi-shuɗi, ita kuwa tana ɓoye rawaya. Yari ya sayi naman saniya guda, sai da rana ta fito ya ga kitsen ya yi ɗorawa, saniyar ciwon shawara gare ta. Ya zo shagon gyaran waya yana ta masifa. Kowa ya ji ya manta, Jinaidu ya kasa.

Ya yi wa tocilar jiki na alminiyon, ya sa jan ƙarfe a bayan ƙwan don ya janye zafi. Ƙwan daga Legas ake aiko masa, haskensa kamar na hantsi. Batirin na caji ne, da zoben roba a kowace mahaɗa saboda ruwa da jini. Da farko ya naɗe mariƙin da jar fatar akuya, ta yi kyau ƙwarai, mako biyu ta sha kitse ta fara wari. Ya yage fatar, ya sa aka yi wa ƙarfen tsage.

"Nawa ka kashe a kan guda?" in ji Malam Tukur.

"Dubu sha tara da ɗari huɗu, Baba."

"To nawa za ka sayar?"

"Ba ta ƙare ba tukuna. Makunnin yana da tauri ga mai maiƙo a hannu."

"Bara ma haka ka ce."

Jinaidu ya yi dariya, ya ɗauki abinsa ya fita kafin a ƙara wata tambayar. La'asar ta same shi a kasuwa yana neman wata irin roba. Da magariba ya ce wa mahaifiyarsa, Delu, kansa yana sarawa, ta ce rana ce. Sanƙarau ne. Ranar Juma'a da hantsi aka kai shi makwancinsa.

Bayan arba'in aka zauna rabon gado. Malamin da aka kira ya ce dole a yi wa komai kuɗi kafin a fitar da tumunin Nafisa, da rabin Hafsat, da kason iyaye. Aka zo da dillali. Babur da kayan shago ba su ba shi wahala ba. Da ya zo kan tociloli, bakwai gamammu da huɗu da ba a haɗa ba, ya juya ɗaya, ya jinjina ta a tafin hannu.

"Ba ta da suna, ba ta da kwali. Dubu huɗu-huɗu. Waɗannan guntayen kuwa sai dai a auna a kilo."

Malam Tukur ya roƙi a ba shi mako guda. A makon bai iya zama ba. Ya fita zaure, ya koma ɗaki, ya buɗe littafin zanen ɗansa ya rufe. Lissafin kayan haɗi yana ciki dalla-dalla, amma layin farashi babu komai. Ba ya son a rubuta aikin shekara uku a matsayin tarkacen ƙarfe, ba ya kuma son ya ƙaga adadi daga kansa a cikin dukiyar marainiya, alhali shi ma magaji ne.

Ranar Laraba bayan asuba ya tafi mayanka, inda bai taɓa takawa ba. Yari ya gan shi, ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a riga.

"Malam, kai da kanka? Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Taya min wannan tocilar."

Yari bai ko kunna ta ba. "Dubu ɗari."

"Ta'aziyya ka riga ka yi min, Yari. Ciniki na zo yi."

"Wallahi Malam, bakina ba ya iya rage wa Jinaidu ko sisi."

"To wa ke nan wanda bai san shi ba?"

Yari ya waiwaya, ya nuna wani ƙaton mutum da ke tsugune kan cinyar wani sa. Abdulwahabu sunansa, mai sayen nama yana kai wa masu gidajen abinci a Sabon Gari, bai fi wata biyu da fara zuwa ba. Malam Tukur ya yi masa sallama, ya miƙa masa tocilar, bai ce ta wane ne ba.

"Tsoho, mi ne wanga? Taɓarya?" Abdulwahabu ya jinjina ta. "In ta faɗo ma mutum a ƙafa sai ɗori." Ya danna makunnin da yatsa mai kitse, ya zame, ya sake dannawa. "Wanda ya yi ta bai taɓa fiɗa ba."

Hasken ya sauka kan cinyar. Mutumin ya ciro tasa tocilar ya haska gefe guda, ya kashe, ya sake haskawa da ta Jinaidu. Ya miƙe ya nufi wata hanta da ke rataye, ya daɗe a kanta.

"Sha biyar."

"Albarka."

"Makunninta fa tauri gare shi. Sha takwas."

"Albarka."

Mutumin ya tsoma ta a bokitin ruwan wanke wuƙa, ya ciro, tana ci. Ya tambayi kwana nawa take yi kafin caji, Malam Tukur ya ce uku, haka yake a rubuce. Suka yi ta ja, ya tafi ya dawo har sau biyu, yana cewa tsofaffin 'yan boko sun fi dillalan shanu taurin kai. A dubu ashirin da takwas ya rantse ba zai ƙara ba, ya juya da gaske. Malam Tukur ya bar shi ya yi taku biyar, ya tabbata ba zai waiwayo ba, sannan ya ce ya sallama.

Ya yi zaton za ta fi haka. A hanyar gida ya yi ta juya adadin a ransa.

Da wannan farashin aka rubuta a takardar gado, Yari da Abdulwahabu suka zama shaidu. Mahauta suka sayi huɗu cikin kwana goma. Nafisa ta ɗauki ɗaya a cikin kasonta, Delu ta ɗauki ɗaya. An sayar da babur, shagon ya koma hannun mai shi, kayan gyaran waya wani maƙwabcin shagon ya saye su gaba ɗaya. Tufafin, da yardar magadan da suka balaga, an cire kuɗinsu daga kason Malam Tukur aka rabar. Huɗun da ba a haɗa ba ya karɓe su a kan kuɗin kayan da ke jikinsu, tare da littafin zanen, ya zuba a akwatin ƙarfe. Sau biyu ya kai wa masu gyara, duka sun ce a ba su lokaci.