Yayata da Ta Koma Ƙanwata

Yayata ta girme ni da shekara bakwai. Ita ta goya ni, ita ta fara kai ni makaranta tana jan kunnena. Amma da za ka duba takardun gwamnati kafin bara, ni ce na girme ta da shekara biyar. Ba ni na yi saurin tsufa ba, ita ce ta riƙa komawa baya.

Aikinta buga takardu a ma'aikatar ruwa ta garinmu. Ta shiga tun zamanin tafireta mai ƙararrawa, bayan mijinta ya rasu ya bar ta da yaro ɗaya, wanda muke kira Dogo. Lokacin ɗaukar aikin an ce ba a son wadda ta wuce wasu shekaru, ita kuma ta wuce, ga yaro yana bukatar takalmi. Sai ta yanke kaɗan daga shekarunta. Wannan yankan kam ban taɓa ganin laifinsa ba.

Na biyu ne ya fara ba ni haushi. Rufin ɗakin ajiyar fayil ya yi yoyo, takardu suka jiƙe, aka ce a sake bugawa. Wa zai buga? Yaya. Ga dama ta zo har teburinta, sai ta ƙara yankewa. Na uku kuwa da ta hango ritaya ne, ta ce ita ba ta ga abin da za ta zauna yi a gida ba, kallon bango?

Makaminta wata 'yar kwalba ce ta farin ruwan goge kuskure, a aljihun tebur na hagu, kusa da maganin ciwon gwiwa. Kuma Yaya ba ta da rowa. Rabin ma'aikatar nan a hannunta suka yi ƙuruciya. Akwai mai gadin da, bisa takarda, ya shiga firamare yana cikin uwarsa. Darakta kansa ya taɓa rufe ƙofa ya ce ta ɗan duba masa fayil, ya fito yana tafiyar samari.

Ni kuwa a gaban abokan aikinta sai ta nuna ni ta ce, “Ku gaida babbarmu.” Sai in yi murmushin dole.

Ana nan sai gwamnati ta kawo sabon tsarin shaidar ɗan ƙasa, wai shi bulokcen. Aka tara ma'aikata a ɗakin taro, wata yarinya mai tabarau ta yi bayani. Ta ce duk abin da aka shigar game da mutum, ba a kwamfuta ɗaya yake zama ba, kwafinsa yana cikin dubban kwamfutoci, kowane bayani a ɗaure da na gabansa kamar sarƙa. In ka taɓa ɗaya, sauran za su ƙaryata ka. Ta ce da wannan za a gane ma'aikatan bogi, kuma kowa zai iya ganin wa ya rubuta me.

Yaya ta ɗaga hannu ta ce, “To in an yi kuskure fa, 'yata?”

“Sai a rubuta gyara a ƙasa, amma na farkon yana nan kowa na gani.”

“Wannan ai rashin tarbiyya ne,” in ji Yaya. Darakta ya ɗauki ruwa ya sha.

Da ta dawo gida ta zauna ta yi lissafi, ta ga abin ma alheri ne. In ta shigar da hamsin da ɗaya, aka kulle, shi ke nan babu mahaluƙin da zai sake tono zancen, ta samu shekara tara na zama a kujerarta. Kujerar nan kuwa ba wasa ba ce a wurinta. Nan take shan shayi, nan take jin wa ya yi aure wa ya yi saki, nan ake kiranta Madam. A gida ba ta da kowa sai rediyo.

Iyali tare ake rajista, domin tsarin yana haɗa kowane mutum da iyayensa. Ranar da za mu je ta rina gashi, ta sa takalmi mai tsini da rabonta da shi tun bikin Dogo. Shi kuma Dogo, makanike ne mai 'ya'ya huɗu, ta sa shi ya aske gemu saboda furfura.

“Kada ka je ka tsofar da ni,” ta ce masa.

Ɗakin rajistar yana da kujerun roba da fanka mai kuka. Yarinyar nan mai tabarau ce a kan kwamfutar. Na dangwala yatsa, hamsin da shida, na wuce lafiya. Dogo ya dangwala, arba'in da uku. Yaya ta zauna ta gyara mayafi, ta faɗi shekarar haihuwarta ta takarda ba ko ƙifta ido. Yarinyar ta buga, ta tambayi dangantakarta da Dogo, ta buga. Sai allon ya yi ja.

“Mama, ya ƙi karɓa. Ya ce shekara takwas ce tsakaninku.”

“Ina ruwansa?”

“Ba zai yarda kin haife shi kina da shekara takwas ba.”

Na kawar da kai ina kallon fanka, don in na dubi Yaya dariya za ta ƙwace mini. Ta ce a kira babba. Yarinyar ta ce babu babban da zai iya, ko shi darakta jiya sai da ya faɗi gaskiya, yanzu yana kwashe kayansa daga ofis. Sannan ta rage murya.

“Akwai hanya ɗaya. In kin bar shekarun yadda suke, zan iya sa shi ƙaninki. Wurin uwa a nasa sai a rubuta ba a sani ba. Amma da zarar na danna, haka zai zauna.”

Dariyar ta bar ni. Dogo ya san me kujerar ofis ɗin nan take nufi, da ita aka biya masa makaranta. Ya sunkuya kusa da ita, ƙaton mutum da baƙin mai a faratansa.

“Mama, ki bari ta sa hakan. Rubutu ne kawai. Ni ai na san uwata.”

Ta kai masa duka a hannu, har mutanen layi suka juyo.

“Ƙanin wa? Ni da na kusa mutuwa wurin haihuwarka da wannan ƙaton kan naka? Ba a sani ba? Wa ye bai sani ba?”

Ta juya wurin yarinyar. Wallahi tausayinta ya kama ni.

“Kin ce ba mai iya gogewa?”

“Babu, Mama.”

“Ko bayan na mutu, haka jikokinsa za su gani?”

“Haka za su gani.”

Yaya ta tuɓe takalmin mai tsini ta ajiye a gefe, ta miƙe ƙafafunta.

“Sittin da uku. Rubuta uwa, ki danna.”

Takardar ritaya ba ta ɓata lokaci ba, a waya ta zo, ba wanda ya buga ta. Aka yi mata ɗan taron sallama, aka ba ta agogon bango. Ta yi kuka a mota, ta ce hayaƙi ne.

Yanzu tana gida, kuma ta karɓi girmanta da duka hannu biyu. Aike take yi mini kamar ina 'yar firamare, in na yi gunaguni ta ce in je in tambayi kwamfuta wa ye babba. Kewar ofis tana damunta, ba ta ɓoyewa.

Rannan na shiga ɗakinta na same ta da waya a hannu, ta buɗe shaidar Dogo tana kallon layin da aka rubuta uwa da sunanta a gabansa. Ba ta ji shigowata ba. Ta kama gefen mayafinta ta murje gilashin wayar da ƙarfi, daidai wurin, sannan ta ɗaga ta sake dubawa. Yana nan.