Littafin Baffa a Kunnen Kaka

Idan zafin Dubai ya sauka, muka kashe na'urar sanyaya ɗaki muka buɗe tagogi, muryar maƙwabciyata nake fara ji daga barandarta a nan unguwar Al Qusais. Mutuniyar Kudancin Amurka ce, aikinta fassara. Sai ta karanta jimla da Turanci, ta maimaita da Sifaniyanci, ta yi tsaki, ta sake. Wata rana da na kai mata dambun nama na tambaye ta abin da take fama da shi. Ta ce wani shahararren littafi ne na ɗan yankinsu da ya girma a Amurka, ya rubuta labarin danginsa da Turanci, ita kuma tana mayar da shi harshen da mutanen cikin labarin suke magana da shi. "Maganar kakarsa ce ke ba ni wahala," in ji ta. "Da Sifaniyanci tsohuwar ta faɗa, shi ya juya. Ni yanzu neman abin da ya fito daga bakinta nake yi."

Dariya ta kama ni, domin mu ma an yi wannan a tsakar gidanmu.

Ina ajin farko na sakandare Baffa, ƙanen mahaifina da ke karatu a Ingila, ya rubuta littafi da Turanci a kan gidanmu. Da damina littafin ya iso garinmu. Babanmu ya karanta, ya tura shi ƙarƙashin katifa. Ashe Kaka ta ji labari a gidan suna. Ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "An ce ɗana ya sa ni a takarda, Turawa na karanta ni. To, ni ma a karanta mini ni."

Kowa ya tsorata. Baffa bai ɓoye komai ba: munsharinta, faɗanta da masu tallan itace, yadda take yi wa hadari tsawa idan ta shanya tsaki. Shi kansa ya aiko cewa ba zai zo hutu ba sai ya ji yadda ta karɓi abin.

Gwaggo, wadda ke koyarwa a firamare, ita aka ɗora wa aikin, ni kuma aka ce in riƙa karanta Turancin. Kullum bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma a rumfa, ƙasa na ƙamshin ruwa, ga dafaffiyar gyaɗa a faranti, masara na gasuwa a kurfoti. In karanta, Gwaggo ta juya, Kaka na ɓare gyaɗa tana saurare da ido a lumshe.

Da farko Gwaggo tausasa magana take yi. Inda Baffa ya ce munsharin Kaka na korar kaji, sai ta ce wai Inna na da nauyin barci. Kaka ta buɗe ido ta dube ni. "Ƙawata, me ya sa kike danne dariya? Faɗa mini abin da ya ce." Na faɗa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai gado ya yi, shi ma nasa ba dama.

Daga ranar aka daina ɓoye-ɓoye. Matan maƙwabta suka fara shigowa, kowacce na jiran a zo kanta. Duk inda aka kai maganar Kaka, sai ta ɗaga hannu ta gyara. Gwaggo ta ce, "Kada ka dame ni," Kaka ta ce a'a, ita "Kauce mini da gani" ta ce. Haka muka yi ta kwaso maganarta daga Turanci muna mayar mata, tana karɓar wadda ta gane tana watsar da sauran.

Sai muka zo babin ranar tafiyar Baffa Ingila. Ya rubuta cewa mahaifiyarsa ba ta raka shi ko zaure ba, tana daga ɗaki ta ce masa ya tafi ya rufe ƙofa, kuma ya daɗe yana jin zafin wannan a ƙasar mutane. Gwaggo ta juya a hankali: "Tafi, ka rufe ƙofa."

Kaka ta ajiye gyaɗar hannunta. "Ba haka na ce ba. Cewa na yi, je ka dawo, ja mini ƙyauren. Yaron nan bai ji 'dawo' ba? Ƙyauren kuwa, so yake ya tafi da hawayena a idonsa?" Can ta ce da Babanmu, "Aika masa ya zo. Kunnensa ne ke son wanki."

Ana cikin kaka, an fara yankan gero, Baffa ya iso. Ya tsaya a bakin rumfa yana murza hula kamar ɗan makarantar da ya makara. Kaka ta ce, "Ga mai tona asiri! Ka kai ni Turai ko takalmi ba ka sa mini ba." Ta jawo shi ta zaunar kusa da ita, ta sa ya karanta wurin da bakinsa, ta faɗa masa yadda ta ce. Ya sunkuyar da kai yana dariya, hawaye na ɗiga a kan littafin. Ranar har maƙwabta sai da suka ci fankasau.

Kaka ta daɗe da rasuwa, an rushe rumfar an yi ɗakuna. Baffa ne tsohon gidan yanzu, kuma ya bar rubutu da Turanci. Ranar Juma'a yakan kira mu ta bidiyo ya ba yarana labari da Hausa tsantsa. Babban, wanda aka haifa a Kano, shi ke juya wa ƙanwarsa da Turanci, ita kuwa tana ta azalzalarsa irin na yaran Dubai, "Yalla, sai me ya faru?" Rabin fassarar ba daidai ba ce. Ina kicin ina jin su, bakina na ƙaiƙayi in gyara, amma nakan bari. Idan an jima sai in ji muryar Baffa daga wayar, yana dariya: "Kai, ɗan nan, ba haka na ce ba. Matso kusa in sake faɗa maka."